Gonar Tomita: Furen da Kasuwa Ta Juya wa Baya

A garin Nakafurano da ke tsibirin Hokkaido, can arewacin Japan, akwai gonar iyalin Tomita, wadda gangaren tudunta ke rufewa da furen labanda duk watan Yuli. Masu ba da labarinta sun fi son cewa sa'a ce ta ɗaga ta. A ganina abin da ya tsare ta shi ne kasancewarta gonar gado, a hannun mutanen da za su iya haƙuri da shukar da ta daina kawo kuɗi.

Tokuma Tomita ne ya fara sare dajin wurin a 1903, bayan ya baro yankin Fukui. Jikansa Tadao ya shuka labanda a 1958, kuma a lokacin babu mai tunanin 'yan kallo: manoman yankin Furano suna noman ta ne domin man da ake tatsa a sayar wa masu haɗa turare. Sana'ar ta kai ƙololuwa wajen 1970, sai turaren da ake haɗawa da sinadarai da kuma mai araha daga ƙasashen waje suka karya farashi, masu saye suka janye. Maƙwabta suka bi gonakinsu da garma suka koma wasu amfanin gona, kuma babu mai ganin laifinsu, domin ƙamshi ba ya ciyar da gida. Tadao ya bar tasa a tsaye, shekara na bin shekara, cikin ƙuncin da ya kusa sa shi ma ya tumɓuke ta. A 1976 hukumar jiragen ƙasa ta Japan ta buga hoton gonar a kalandarta, mutane suka fara tururuwa don su gani da idonsu.

Mai cewa kalandar ce ta yi komai yana da hujja, domin ba don ita ba da wataƙila sunan Tomita bai wuce ƙauyensu ba. Amma mai ɗaukar hoton ya tarar da fure ne saboda wani ya ƙi nome shi, kuma da kamfani ne mai duba riba duk ƙarshen shekara ke da filin, da tuni an share shi. Haka kuma baƙi ba sa ɗorewa a kan hoto ɗaya. Iyalin suka fara ɗinka 'yan jakunkunan busasshen fure suna sayarwa, sannan suka shiga tatsar mai da kansu, suna yin turare da sabulu, ta yadda ribar da dillalai ke kwashewa a da ta dawo gida.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: wai wurin ya tashi daga gona ya koma kasuwar 'yan yawon buɗe ido, da shaguna da askirim mai ɗanɗanon labanda, har da tashar jirgin ƙasa da ake buɗewa a lokacin furanni kawai. Cunkoson gaskiya ne, kuma yana rage wa wurin natsuwa. Sai dai har yau ba a karɓar kuɗin shiga, don haka abin da ke riƙe gonar shi ne kayan da take samarwa ta sayar, kuma labandar da baƙo ke ɗaukar hotonta ita ce ake girbewa a kai tukunyar tatsa. A 2008 ma iyalin sun buɗe sabon fili mai faɗi a Kamifurano, inda ake noman furen musamman domin mai.