Ruwan da Yake Zuwa da Rani: Tarihin Gaɓar Kainji da Dogara ga Allah

Tafkin da ya shimfiɗu daga Yelwan Yauri, ya bi ta Wara, har ya dangana da madatsar Kainji, bai cika shekara sittin ba. Har yau akwai dattawa da suka yi noma a ƙasar da take ƙarƙashinsa, suka kuma binne iyayensu a can. A cikin ɗan wannan lokaci mutanen Yauri da Ngaski da Shanga sun ga ƙaura ta dole, sun ga mutuwa a ruwa, sun ga muguntar masu bindiga. Saboda haka idan mai bi a wannan gaɓa ya tambaya ko Allah yana nan sa'ad da abin tsoro ya auku, amsa yake nema da gaske. Bari mu bi tarihin ƙasar, mu aza shi kusa da Maganar Allah, mu ga irin dogarar da za ta iya ɗaukar wannan kaya.

Kafin a datse Kogin Kwara, tsibirai ne birjik a tsakiyarsa. A kansu Gungawa suke zaune, waɗanda suke kiran kansu Reshe, gwanayen kwale-kwale da noman albasa ta ban ruwa. A gaɓa kuwa akwai Yawurawa da Kambari da Shangawa da Lopawa, ga kuma Sarkawa masu su. Kogin yana da wuraren da duwatsu suka tare shi, ruwa yana gudu da ƙarfi. A irin wannan wuri ne kusa da Busa Bature Mungo Park ya halaka a 1806, bayan ya wuce Yauri, kuma a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo har fadar Sarkin Yauri suna cigiyar takardunsa.

Bishara ta iso wannan yanki a hankali, daga kudu. A 1905 A. W. Banfield, mutumin Kanada, ya kafa tashar mishan a Tsonga cikin ƙasar Nupe. Daga nan aikin ya hau zuwa Jebba da Mokwa, ya kai Salka a tsakiyar Kambari, da Zuru, da Tungan Magajiya inda aka gina asibiti, har Yelwa. Ikkilisiyar da ta fito daga wannan aiki ita ce UMCA. Da aka buga Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932, kabilun da harsunansu suka bambanta suka sami harshe ɗaya na karatu da sujada. Katolika su ma suka yi aiki a yankin, kuma yau suna ƙarƙashin Dayosis na Kontagora. Masu bi a ƙasar Yauri kaɗan ne tun farko, suna zaune cikin maƙwabta Musulmi da masu bin al'adar kakanni, kuma duk abin da ya sami ƙasar tare ya same su.

A 1964 aka fara gina madatsar Kainji domin ba Nijeriya wutar lantarki. Aka gama ta a 1968, yaƙin basasa yana ci a kudu maso gabas. Da aka rufe ƙofofinta a daminar wannan shekara, ruwa ya koma baya, ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Tsohuwar Busa ta nutse, babban tsibirin Foge ya nutse, haka ma gonakin albasa da makabartu da itatuwan da kowane ƙauye yake taruwa a gindinsu. Mutum wajen 44,000 aka tayar daga mazauninsu. Gwamnati ta gina musu sababbin ƙauyuka da gidajen siminti, amma fasalin gidajen baƙo ne a gare su, har da yawa suka riƙa gina ɗakunan laka a gefensu. Mutumin da ya tashi da sanin kowane dutse a kogi ya wayi gari a kan tudu yana koyon noman dawa da gero, ruwan da ya sani ya zama teku mai igiya. Wutar da aka yi saboda ita kuwa ta riga su zuwa manyan birane.

Wannan irin wahala ce da ba ta da ranar ƙarewa, gama tsibirin da ya nutse ba zai sāke fitowa ba. Mutanen Yahuza sun san irinta sa'ad da aka kwashe su zuwa Babila. Annabi Hananiya ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu kome zai dawo, kuma babu shakka maganarsa ta yi wa kunne daɗi. Irmiya kuwa ya aika musu wasiƙa, wadda za ka samu a sura ta 29 ta littafinsa, ya ce zaman zai kai shekara saba'in, don haka su kafa gidaje, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su kuma yi wa birnin da aka kai su addu'a. Dubi yadda Allah ya bi da su. Bai rage musu tsawon hijirar ba. Ya tabbatar musu cewa yana tare da su a inda suke, yana kuma da nufin alheri a kansu. Wanda ya dogara ga Allah a sabon ƙauye, shi ne wanda ya ɗauki fartanya ya shiga baƙuwar gona, ya kafa rumfar sujada da kara da ciyawa, ya roƙa wa sarki da hakimi zaman lafiya. Kai ma, in an raba ka da gonarka ko garinka, ka yi hankali da mai wa'azin da zai sayar maka da alkawarin Hananiya. Idan wa'adin da ya yanka ya wuce kome bai canza ba, zai bar ka da zuciya mai zargin Allah a kan abin da Allah bai faɗa ba.

Tafkin ya kawo kifi da kasuwa, ya kuma zama hanya. Mutanen gaɓa biyu suna ƙetarawa da kaya da dabbobi da babura, a kan ruwan da kututturan tsofaffin itatuwa suke ɓoye a ƙarƙashinsa. Ran Laraba 26 ga Mayu 2021, wani jirgin katako da yake tafiya tsakanin gaɓar Jihar Neja da Wara ya tsage ya nutse. Kaɗan ne aka ceto. Fiye da mutum ɗari suka mutu ko suka ɓata, ciki har da mata da yara, masu ninƙaya suka kwana da kwanaki suna fito da gawawwaki. Hukumomi sun ce an loda wa jirgin abin da ya fi ƙarfinsa.

A irin wannan rana mukan ji ana cewa kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne rai a hannun Allah yake. Amma ka karanta Ayyukan Manzanni sura ta 27 a natse. Kafin jirgin da ya ɗauki Bulus ya bar Karita, Bulus ya gargaɗe su cewa lokacin tafiya ya wuce, sai jarumin soja ya fi yarda da matuƙi da mai jirgi. Hadari ya kama su kwana goma sha huɗu, su 276. A tsakiyar wannan tsoro Allah ya yi wa Bulus alkawari cewa ba wanda zai mutu. Duk da haka Bulus bai naɗe hannu ba: ya tona shirin ma'aikatan jirgin da suke so su gudu da ƙaramin kwale-kwale, ya matsa wa kowa ya ci abinci, ya yi godiya ga Allah a gabansu duka. Mutumin da ya fi kowa bangaskiya a jirgin nan shi ne ya fi kowa lura da abin da ya kamata a yi. Saboda haka, ɗan'uwa, idan ka ƙi shiga jirgin da aka cika fiye da kima, ko ka nemi rigar kariya ta ruwa domin 'ya'yanka, ko ka ƙi tafiyar dare, ba ka raunana cikin bangaskiya ba. Idan kuma kai ne mai jirgi, ka sani Allah zai tambaye ka kowane rai da ka ƙara saboda kuɗin mutum ɗaya.

Ba a gama makokin Wara ba, sai ga wani. Ran Alhamis 17 ga Yuni 2021, mako uku kacal bayan haɗarin, 'yan bindiga a kan babura suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski ɗin dai. Suka kashe ɗan sanda, suka kora ɗalibai masu yawa da wasu malamai zuwa daji. Aka riƙa sakinsu kashi-kashi. 'Yan mata goma sha ɗaya suka rage a hannun masu garkuwa, iyayensu suna kuka a gaban duniya suna neman taimako, kuma sai a 2023 na ƙarshensu suka dawo gida, bayan kusan shekara biyu. Ran 21 ga Nuwamba 2025 abin ya sāke faruwa a ɗaya ƙetaren, a makarantar Katolika ta St Mary's da ke Papiri cikin ƙaramar hukumar Agwara ta Jihar Neja, inda aka kwashe yara da ma'aikata fiye da ɗari biyu. Waɗannan an sako su kafin Kirsimeti. Tsakanin manyan labaran nan akwai ƙananan ƙauyuka da aka ƙone, da shanun da aka kora, da gonakin da aka bari ba girbi, waɗanda sunansu bai kai gidan rediyo ba.

Wannan mugunta ce, mutane ne suka zauna suka shirya ta, kuma bai kamata mai bi ya sauya mata suna ba. Annabi Habakuk ya kai ƙara gaban Allah a kan zalunci da kama-karya, ya tambaye shi dalilin shirunsa, Allah kuwa bai tsauta masa saboda tambayar ba. Uwar da ta yi kuka ta ce ina Allah yake, wurin Allah ta kai kukanta, wannan ma dogara ce. A littafin Sarakuna na biyu, sura ta 5, akwai wata yarinya Ba'isra'iliya da mahara daga Suriya suka sace, ta zama baiwa a gidan Na'aman. Littafin bai gaya mana sunanta ba, bai kuma ce ta koma gida ba. Abin da ya nuna mana shi ne, a gidan da aka tsare ta, ba ta manta da Allahnta ba, Allah kuma bai manta da ita ba. Uban da ɗansa yake daji yana bukatar wannan gaskiya: inda ƙafarsa ba za ta kai ba, Ubangiji yana can.

Tsoro yana da jarabobi biyu da ya kamata ka sani. Ta fari ita ce neman tsari a wurin boka, da laya da guru da maganin bindiga, ko da an lulluɓe su da sunan addu'a. Ta biyu ita ce ƙiyayya, wato ka ɗora laifin 'yan bindiga a kan kabila guda ko addini guda. Ka tuna cewa 'ya'yan Musulmi da na Kirista aka kora tare daga Birnin Yauri, ruwan Wara kuma bai tambayi kowa addininsa ba. Almasihu ya sha cin amana da shari'ar zur da kisan gilla, ya roƙa wa masu gicciye shi gafara, Allah kuma ya tashe shi daga matattu. Saboda tashin nan ne muka tabbata cewa mai bindiga ba shi ne zai yanke hukunci na ƙarshe ba. Ramako na Allah ne. Namu shi ne mu matsa wa masu mulki su tsare makarantu da ƙauyuka, mu buɗe wa 'yan gudun hijira ƙofa, mu je ta'aziyya gidan maƙwabci ko ba majami'armu ɗaya ba. Yarinyar da ta dawo daga daji kuwa, ikkilisiya ta karɓe ta da daraja, zumuntar mata ta rungume ta, kada a ji tsegumi a kanta, a kuma mayar da ita makaranta.

Kogin Kwara yana cika sau biyu a shekara. Cikar fari takan zo da damina, ruwa mai laka daga saman da aka yi a nan kusa, masana suna kiranta farin ruwa. Ta biyu, baƙin ruwa, takan iso ne wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, sa'ad da babu ko gajimare. Wannan ruwa ya sauka ne tun watanni da suka wuce a duwatsun ƙasar Gini, ya bazu a fadamun Mali tsakanin Mopti da Tambutu, ya yi jinkiri a can, ya zubar da lakarsa, sa'an nan ya gangaro. Manomin da ya ga ƙasa ta bushe zai iya cewa ruwa ya ƙare, alhali ruwan yana hanya. Haka taimakon Allah yakan kasance sau da yawa: ya riga ya taso daga inda ido bai kai ba, kafin ma a yi addu'ar. Wani zai same shi a wannan rai, kamar iyayen da suka rungumi 'ya'yansu bayan watanni ashirin da wani abu. Wani kuwa, kamar wanda tafki bai mayar masa da gawar ɗansa ba, sai a ranar tashin matattu, ranar da Wahayin Yahaya ya ce teku ma za ta mayar da waɗanda ta riƙe.

Ya Ubangiji Allah, ka dubi mutanen Yauri da Ngaski da Shanga da dukan gaɓar Kainji. Ka ta'azantar da masu makoki, ka komo da waɗanda suke hannun mugaye, ka juyo da zukatan masu ɗaukar makami, ka ba sarakuna da masu mulki tsoronka. Ka tsare mu daga dogara ga abin da ba kai ba, ka hana ƙiyayya yin saiwa a cikinmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.