Harshen Yukren: Daga Haramci Zuwa Harshen Hukuma

Harshen Yukren ɗan'uwan Rashanci ne da harshen Belarus, amma yana zaman kansa, ana rubuta shi da haruffa 33 na Sirilik. Daular Rasha ta daɗe tana danne shi. A 1863 ministan cikin gida Valuev ya taƙaita buga littattafai da shi, sannan a 1876 Sarki Alexander II ya tsananta haramcin. A zamanin Tarayyar Sobiyet kuwa, Rashanci ne ya mamaye ofisoshi da manyan birane.

An ayyana shi harshen hukuma a 1989, kundin tsarin mulki na 1996 ya tabbatar da haka. A ƙidayar 2001, kashi 67.5 cikin ɗari na jama'a sun ce shi ne harshen uwarsu, kashi 29.6 suka ce Rashanci.

Dokar 2019 ta wajabta shi a aikin gwamnati da makarantu. Daga Janairun 2021 dole mai kanti ya yi wa mai saye magana da shi, sai in mai sayen ya nemi wani harshe. Dokar ba ta taɓa hirar gida ko ibada ba. Bayan mamayar Rasha ta 2022, mutane da yawa sun bar Rashanci don kishin ƙasa.

Tsirarun ƙabilu sun koka, musamman 'yan asalin Hangari kan dokar ilimi ta 2017. A Disambar 2023 majalisa ta sassauta wa masu harsunan Tarayyar Turai, ban da Rashanci.