Kujerar Matuƙi Mai Shanye Bugu a Ƙananan Jiragen Ruwa Masu Gudu: Nazarin Aikinta da Sharuɗɗan Girka Ta

Tsakure

Ƙaramin jirgin ruwa mai gudu yakan tashi daga kan igiyar ruwa ya faɗo da ƙarfi, bugun ya bi ta daɓen jirgi da kujera ya shiga ƙashin bayan matuƙi. Wannan maƙala ta yi nazarin yadda sauya kujera ke rage wannan bugu. An yi bitar ƙa'idojin auna jijjiga da rahotannin raunuka, sannan aka kawo lissafin faɗuwa. Nazarin ya nuna cewa tsawon tazarar da kujera ke nitsewa, da daidaita ta da nauyin mai zama, sun fi laushin soso tasiri, kuma kujerar da ba a saita daidai ba tana iya ƙara bugun da aka saye ta domin ragewa.

1.0 Gabatarwa

Jirgin da ke gudu a saman ruwa yana gamuwa da motsi iri biyu. Na farko jijjiga ce mai ɗorewa daga inji da ƙananan igiyoyi. Na biyu bugu ne na farat ɗaya idan gindin jirgin ya daki ruwa bayan tsalle, wanda ba ya kai rabin sakan amma ya ninka nauyin jiki sau da yawa. Na biyun ne ke karya ƙashi. A shekarar 2008 wata fasinja ta samu karaya a ƙashin baya cikin jirgin Celtic Pioneer a mashigin ruwan Bristol, hukumar binciken haɗuran ruwa ta Birtaniya kuma ta binciki lamarin. Kafin nan, a shekarar 2000, wani bincike kan matuƙan jiragen musamman na sojojin ruwan Amurka ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku sun taɓa samun rauni a bakin aiki, kuma ƙugu ne ya fi shan wahala, sai gwiwa.

2.0 Ma'aunai da Dokoki

Ƙa'idar ISO 2631-1 ta 1997 ce ginshiƙin auna jijjigar da ke ratsa jiki gaba ɗaya, sashe na 5 na ISO 2631 kuma, wanda ya fito a 2004 aka sabunta shi a 2018, ya keɓanta da bugu mai maimaituwa da illarsa ga ƙashin baya. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2002/44/EC ta ɗora matakin ɗaukar mataki a kan 0.5 m/s², iyakar da ba a ƙetarewa kuma 1.15 m/s², a aikin sa'o'i 8. An tsara waɗannan alƙaluma ne da tunanin tarakta da manyan motoci, shi ya sa jirgi mai gudu cikin ruwa mai tashi kan ƙetare su tun tafiya ba ta yi nisa ba. Birtaniya ta shigar da dokar cikin harkar jiragen ruwa a 2007, ta kuma fitar da jagora mai lamba MGN 436 domin ƙananan jirage.

Ingancin kujera kuwa ana auna shi da kwatanta jijjigar da ke saman mazauni da wadda ke daɓe. Idan sakamakon bai kai kashi 100 ba, kujerar tana ragewa; idan ya wuce, ƙari take yi.

3.0 Yadda Kujera ke Shanye Bugu

Kujera ba ta kawar da ƙarfin faɗuwa, tsawaita lokacin tsayawa take yi. Jikin da ya faɗo daga tsayin santimita 50 yana isa ƙasa da saurin da ya ɗan haura mita 3 a sakan. Idan ya tsaya cikin santimita 5, matsakaicin birkin da ya sha ya ninka ƙarfin jan ƙasa sau 10. Idan aka ba shi santimita 20, sai ya sauko zuwa sau 2.5. Wannan lissafi na ƙa'ida ne, domin ruwa ma yana ɗan buɗe wa jirgi, amma ya bayyana dalilin da soso mai kauri ba ya wadatarwa: yana lotsewa nan take, sauran bugun ya wuce kai tsaye. Soso mai laushi ƙwarai ma yakan cilla mai zama sama, ya dawo daidai lokacin da daɓen ke tasowa.

Kujera mai shanye bugu tana da sassa biyu. Akwai sifirin, na ƙarfe ko na iska, mai ɗaukar nauyi, da kuma shokazoba mai matsa mai ta ƙananan kafofi domin mayar da motsi zafi. Sifirin shi kaɗai zai yi ta lilo. Jikin mutum a zaune ya fi jin jijjigar da ke kai-komo sau 4 zuwa 8 a sakan, don haka ake ƙera kujerar ta yi nata lilon ƙasa da haka sosai, saboda sifirin ba ya fara kariya sai saurin jijjigar ya ninka saurin lilonsa fiye da sau 1.4.

Babban haɗari shi ne ƙurewar tazara. Idan sifirin ya yi wa mai zama laushi, kujerar takan kai ƙarshe ta daki ƙarfe, bugun ya fi wanda kujera kafaffiya za ta bayar. Idan kuma ya yi tauri, ba ta motsi sam. Saurin dawowa ma yana da muhimmanci: kujerar da ba ta koma sama ba kafin igiya ta gaba ta zo, da ragowar tazara za ta tarbe ta.

4.0 Nau'o'in Kujeru

Mafi sauƙi shi ne sauya ƙafar kujera kaɗai da wadda ke da sifirin da shokazoba a ciki, a mayar da tsohon mazauni a kai. Wannan ya dace da jiragen kamun kifi da na shaƙatawa. Na biyu ita ce kujerar sirdi, wadda ake hawa kamar doki, ƙafafu na ɗaukar wani ɓangare na nauyi, baya kuma na miƙe. Kamfanin Ullman Dynamics na Suwidin ya yi suna a kanta. Na uku cikakkiyar kujera ce mai doguwar tazara da matakin ƙafa da ɗamara, irin waɗanda Shockwave da Shoxs na Kanada da Stidd na Amurka ke ƙerawa. Ƙungiyar ceto ta RNLI ta sa irin wannan a jiragenta samfurin Tamar da Shannon.

5.0 Sharuɗɗan Girkawa

Daɓen jirgi ne ke karɓar duk ƙarfin da kujera ta tare, saboda haka ana huda shi a ratsa da kusoshi masu noti, a sa farantin ƙarfe ta ƙasa domin rarraba nauyi, a kuma toshe hudar don kada ruwa ya ruɓar da katakon ciki. Inda baƙin ƙarfe marar tsatsa ya haɗu da alminiyam a ruwan gishiri, alminiyam ɗin yakan cinye, don haka ake raba su da roba ko man kariya. Ƙa'idar H-31 ta hukumar ABYC a Amurka ta tanadi gwajin ƙarfin kujerun jirage.

Kujerar tana hawa da sauka, sitiyari kuwa yana nan kafe. Dole a tabbata gwiwa ba ta dukan allon tuƙi idan ta nitse, ido na hangen gaba, hannu na isa totur ba tare da sunkuyawa ba. Baya da ya lanƙwashe ko ya murɗe ya fi saurin rauni, kuma yawancin kujerun motsin sama da ƙasa kaɗai suke tarewa, ban da na gefe. Wuri ma yana da tasiri, domin bugu ya fi tsanani a goshin jirgi, yana raguwa zuwa baya.

6.0 Kammalawa

Lissafin Savitsky da Brown na 1976 ya nuna cewa bugun jirgi mai gudu yana ƙaruwa ne gwargwadon sauri a ninka shi da kansa, wato rage gudu da kashi 30 cikin 100 yana rage bugun da kusan rabi. Siffar gindin jirgi ma tana taka rawa, kamar yadda gindi mai tsini na digiri 24 da Raymond Hunt ya zana wa jirgin Moppie ya nuna a tseren Miami zuwa Nassau na 1960. Kujera mai kyau tana zuwa ne bayan waɗannan, kuma tana da tata illar: matuƙin da ya daina jin bugu yakan ƙara wuta, fasinjojin da ke zaune kan benci a gaba su sha abin da shi bai ji ba. Saboda haka sauya kujerar matuƙi yana bukatar tafiya tare da duba mazaunin sauran mutanen jirgi da ƙayyade gudu gwargwadon tsayin igiya.