Tarihin Auna Cefanen Gida da Mizanin Hankali

Auna cefanen gida da mizanin hankali wani babi ne na ilmin tattalin arziki, inda masana ke bin diddigin abin da iyali suka saya da farashin da suka biya, domin su gano ko zaɓinsu yana tafiya bisa ƙa'ida guda, ko kuwa tufka da warwara ne.

Asalin al'amarin daga Jamus ne, inda a shekarar 1857 Ernst Engel, bayan ya yi nazarin lissafin gidajen ma'aikata na ƙasar Beljiyam, ya bayyana cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ci daga samunsa. Amma shi kansa mizanin bai samu ba sai a 1938, sa'ad da Paul Samuelson na Amurka ya kafa hujja da cewa, tun da yake babu mai iya leƙa zuciyar mai saye, to abin da hannunsa ya ɗauka a kasuwa shi ne shaidar abin da ya fi so. Wanda ya auni shinkafa alhali kuɗinsa sun isa gero, idan wata rana ya koma ga geron alhali shinkafar ba ta fi ƙarfin aljihunsa ba, lalle ya saɓa wa kansa. Hendrik Houthakker ya ƙarfafa wannan ƙa'ida a 1950, Sydney Afriat ya nuna a 1967 yadda za a yanke hukunci da lissafin sayayya komai ƙarancinsa, sannan Hal Varian a 1982 ya mayar da ita gwajin da kwamfuta ke iya gudanarwa.

Babban darasin ya fito ne a 1998, lokacin da Martin Browning da Pierre-André Chiappori suka duba cefanen gidajen Kanada, suka tarar masu zama su kaɗai sun cika sharuɗɗan wannan ƙa'ida, ma'aurata kuwa sun saɓa musu; wato illar ba a hankalin mutane take ba, tana cikin zaton da malamai suka daɗe suna yi cewa gida zuciya ɗaya ce da aljihu ɗaya. Kafin haka, a 1996, Christopher Udry ya gano a Burkina Faso cewa a gida guda gonakin mata ba su samun taki da aikin hannu kamar na maza.

Bahaushen da ya san bambancin gandu da gayauna, da na kuɗin cefanen maigida da ribar ƙuli-ƙulin uwargida, ba zai yi mamakin wannan ba. Saboda haka wajibi ne ga mai auna hankalin gida ya fara sanin a hannun wa kuɗin suke.