'Yancin faɗar albarkacin baki: Abin da doka ta tanada da inda ta ja layi

'Yancin faɗar albarkacin baki shi ne haƙƙin kowane mutum na riƙe ra'ayi, da neman bayanai da karɓarsu da isar da su ga wasu, ba tare da tsangwama ba. Sashe na 19 na Ƙudurin Haƙƙin Ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi ranar 10 ga Disamba, 1948 ya tabbatar da shi, haka ma sashe na 9 na Yarjejeniyar Afirka ta 1981. A Nijeriya, sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya ba shi kariya.

Sai dai 'yancin yana da iyaka. Yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa ta 1966, wadda Nijeriya ta shiga a 1993, ta gindaya sharuɗɗa uku kafin a taƙaita shi: taƙaitawar ta kasance a rubuce cikin doka, ta zama don kare mutuncin wasu ko tsaron ƙasa ko zaman lafiya ko lafiyar jama'a ko tarbiyya, sannan ta zama dole, ba ta wuce gona da iri ba. Sashe na 20 ya haramta farfagandar yaƙi da rura wutar ƙiyayyar ƙabila ko addini. Sashe na 45 na kundin Nijeriya ya zayyana dalilai makamantan waɗannan.

A Jihar Neja, kamar sauran jihohin Arewa, dokar final kot ta mayar da ɓata suna laifi. Wanda ya ɗora wa maƙwabcinsa sata bisa ƙarya a Gauraka ko Suleja, a kasuwa ko a Facebook, zai iya gurfana gaban kotu. Sukar manufofin gwamnati kuwa daban take. A 1983, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke Arthur Nwankwo, wanda aka ɗaure kan littafin da ya soki Gwamna Jim Nwobodo na Anambra, ta kuma bayyana cewa dokar tunzura jama'a da aka gada daga Turawan mulkin mallaka ta ci karo da tsarin mulki.

Kafofin intanet sun sabunta muhawarar. A 2020, Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya saɓa wa Yarjejeniyar Afirka, kuma an yi wa sashen gyara a 2024. A Yulin 2022, kotun ta ce dakatar da Twitter da Gwamnatin Tarayya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa doka.

Misali mafi kusa ga mazauna Neja shi ne na gidan rediyon Badeggi FM da ke Minna. A Agustan 2025, Gwamna Mohammed Umaru Bago ya ba da umarnin rufe shi bisa zargin tunzura jama'a. Ƙungiyoyin 'yan jarida da na kare haƙƙin ɗan Adam sun yi tir da matakin, yayin da Ministan Yaɗa Labarai, Mohammed Idris, ya bayyana cewa dakatar da lasisin watsa shirye-shirye hurumin Hukumar NBC ne.

Ga mai wa'azi ko mai kiran waya a shirin rediyo ko matashin da ke rubutu a wayarsa, ma'aunin ɗaya ne. Doka na kare ra'ayi ko da bai yi wa masu mulki daɗi ba, amma ba ta kare ƙazafi ko barazana ko kiran a kai wa wasu hari. Wanda aka tauye wa haƙƙi yana iya shigar da ƙara a Babbar Kotu bisa sashe na 46, ko ya kai koke ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.