Daga Ɗakin Saƙa Zuwa Lambun Yara: Tarihin Makarantun Renon Yara na Coci a Turai da Amurka

A ƙasar Amurka a yau, idan coci ya buɗe makarantar renon yara 'yan shekara uku da huɗu, alkawarin da yakan fara yi wa iyaye shi ne zai shirya musu 'ya'yansu domin shiga kindagatin, watau ajin 'yan shekara biyar wanda ake yi kafin aji ɗaya na firamare. Wanda ya san tarihin al'amarin tilas ya yi mamaki, domin shi kansa kindagatin ɗin asalinsa share fage ne, har ma wanda ya ƙago shi bai yarda a kira shi makaranta ba. Nufin wannan maƙala shi ne ta bi diddigin yadda aka yi share fage ya koma yana bukatar nasa share fagen, da kuma irin rawar da malaman addinin Kirista suka taka a cikin wannan tafiya ta shekaru fiye da 250.

Labarin ya faro ne daga wani kwari mai tsananin sanyi da talauci a duwatsun Vosges, a gabashin Faransa. A shekarar 1767 aka tura wani saurayin fasto ɗan ɗarikar Luta, mai suna Oberlin, zuwa ƙauyen Waldersbach. Ya tarar iyaye suna wuni a gona ko a daji, ƙananan yara kuwa suna yawo ba mai tsawata musu. A 1769 ya sami labarin wata budurwa, Sara Banzet, wadda takan tara yaran maƙwabta tana koya musu saƙar ulu. Sai ya ɗauke ta aiki, ya kuma kama ɗakuna masu murhu a ƙauyukan kwarin, inda yara za su sami ɗumi. Wannan ne ya sa aka riƙa kiran wuraren ɗakunan saƙa. Manyan yara suna saƙa, ƙanana suna kallon hotunan labarun Littafi Mai Tsarki da na dabbobi, idan rana ta fito kuma a fita da su su tsinko ganyaye da furanni a gaya musu sunayensu. Daga baya wata mata mai suna Louise Scheppler ta riƙe wannan aiki har ƙarshen rayuwarta a 1837.

Akwai wani gefe na aikin Oberlin wanda masu yabonsa sukan wuce da sauri, alhali ya cancanci a tsaya a kansa. Mutanen kwarin suna da karin harshensu na gida, wanda ya yi nisa da Faransancin littafi, saboda haka wa'azin fasto da karatun Littafi sukan wuce su. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan malaman ɗakin saƙa shi ne su saba wa yara da Faransanci tun bakinsu bai yi tauri ba. Watau tun daga ranar farko, shirya yaro ya haɗa da raba shi da wani abu na gidansu. Wannan batu ba baƙo ba ne gare mu. Manufar ilmi ta ƙasa wadda Nijeriya ta fitar a 1977 ta ce a koyar da yaran makarantun reno da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, amma duk wanda ya leƙa irin waɗannan makarantu a biranenmu, na coci da waɗanda ba na coci ba, ya san da Turanci ake tallarsu.

A Birtaniya abin ya bi ta hanyar masaƙu. Robert Owen, wanda ba ruwansa da coci, ya buɗe wa 'ya'yan ma'aikatansa makaranta a New Lanark a 1816, sa'an nan Samuel Wilderspin ya buɗe tasa a unguwar talakawa ta Spitalfields a Landan a 1820, inda ake jera yara masu yawa a kan benci hawa-hawa suna amsa wa malami baki ɗaya. Wani faston Jamus, Theodor Fliedner, wanda ya taɓa ziyartar Ingila, ya kafa irin wannan makaranta a garin Kaiserswerth a 1836, tare da wurin horar da matan da za su riƙe ta. Tsarinsa a fili yake: addu'a, labarun Littafi, haddar ayoyi, tsabta, kiyaye lokaci, da biyayya. A wurin Fliedner da ire-irensa, ɗan Adam da zunubin gado ake haihuwarsa, saboda haka maganarsu ɗaya ce da ta Bahaushe da ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A daidai wannan zamani ne wani ɗan fasto ya zo da wata magana dabam. An haifi Friedrich Froebel a 1782 a yankin Thuringia na Jamus, mahaifiyarsa kuwa ta rasu tun bai cika shekara ɗaya ba. Ya tashi cikin kaɗaici, ya koyi aikin gandun daji, ya zauna da shahararren malamin nan Pestalozzi a Suwizalan daga 1808 zuwa 1810, ya kuma yi aikin nazarin duwatsu masu ƙyalli a Balin. Duk waɗannan sun bar masa alama. A ganinsa yaro tsiro ne wanda Allah ya riga ya sanya masa siffarsa a cikin ƙwayar iri, aikin mai reno kuwa shi ne na mai lambu: ya gyara ƙasa, ya yi ban ruwa, ya cire ciyawa, ya jira. A 1837 ya buɗe wani wurin wasa da ayyukan hannu a garin Bad Blankenburg, a 1840 ya raɗa masa suna kindagatin, kalmar Jamusanci mai ma'anar lambun yara.

Lambun kuwa na gaske ne, domin kowane yaro akan yanka masa 'yar komarsa ya shuka abin da ya ga dama, ga kuma wani fili da kowa ke nomawa tare. A cikin ɗaki sai kayan wasan da Froebel ya kira kyaututtuka, waɗanda ake bayarwa bi da bi. Ta farko ƙwallaye shida ne masu laushi na ulu, kowanne da launinsa. Ta biyu ƙwallon katako ne da wani gungume mai siffar ganga da wani mai fuska shida daidai wa daida. Ta uku irin wannan mai fuska shidan ne aka yanka shi gida takwas, yaro ya warwatsa, ya gina kujera ko gada, ya sake haɗa shi ya koma ɗaya. Babu allo, babu koyon baƙaƙe. Mai karatu na iya ɗaukar wannan wasan banza ne, amma a wurin Froebel darasin tauhidi ne: yaron da ya ga takwas sun koma ɗaya ya fara gane cewa dukkan halitta tushenta guda.

Wannan ra'ayi bai yi wa manyan coci daɗi ba, domin ya sa yaro a matsayin mai kyakkyawan asali, bai kuma damu da haddar aƙida ba. Bayan tarzomar juyin juya hali ta 1848, wadda da yawa daga cikin masoyan Froebel suka goyi bayanta, hukuma ta sa ido. A watan Agusta na 1851 ministan ilmi da al'amuran addini na Furushiya, von Raumer, ya haramta kindagatin a ƙasar, yana zarginsa da cusa wa yara gurguzu da rashin yarda da Allah. Wani ɓangare na zargin ya samo asali ne daga rubuce-rubucen ɗan ɗan'uwansa, Karl Froebel, waɗanda aka jingina wa tsohon. Ya yi ta rubuta takardun kare kansa a banza, ya rasu a watan Yuni na 1852. Sai a 1860 aka ɗage dokar.

Hanin nan shi ya watsa irin a duniya. Jamusawan da suka yi ƙaura sun tafi da shi. Margarethe Schurz ta buɗe na farko a Amurka a garin Watertown na jihar Wisconsin a 1856, da Jamusanci ake yinsa. Elizabeth Peabody ta buɗe na Turanci a Boston a 1860, Susan Blow kuma ta shigar da shi makarantun gwamnati a birnin St. Louis a 1873. Abin lura shi ne cocin Amurka ba su gaji ƙiyayyar 'yan'uwansu na Furushiya ba. Sun ga a cikinsa hanyar isa ga 'ya'yan baƙin haure da talakawan birane, da iyayensu mata. Cocin Trinity na garin Toledo ya buɗe nasa a 1877, wasu suka biyo baya, 'yan mishan kuma suka ƙetara da shi teku, kamar Annie Howe wadda ta kafa nata a Kobe ta ƙasar Japan a 1889.

Da kindagatin ya shiga hannun gwamnati sai ya zama maƙwabcin aji ɗaya, maƙwabtakar kuwa ita ta canja shi. Da farko masana sun tsare masa iyaka. A 1931 Morphett da Washburne suka buga wani bincike da ya ce gara a jinkirta koya wa yaro karatu sai hankalinsa ya kai na ɗan shekara shida da rabi, aka kuwa daɗe ana bin wannan magana. Amma a 1965 gwamnatin Shugaba Johnson ta ƙaddamar da shirin Head Start domin 'ya'yan talakawa, bisa hujjar cewa wanda ya shigo makaranta a baya, a baya yakan ƙare. Cibiyoyin shirin da dama a ɗakunan coci suka zauna. A 1990 shugaban ƙasa da gwamnoni suka sa manufar cewa kafin shekarar 2000 kowane yaro zai shiga makaranta a shirye. A 2002 aka sa hannu kan dokar da ta ɗora jarrabawar shekara-shekara tun daga aji uku. Nauyin ya gangaro ƙasa kamar ruwa: malamin aji uku ya matsa wa na biyu, na biyu ya matsa wa na ɗaya. Wani bincike da Daphna Bassok da abokan aikinta na Jami'ar Virginia suka buga a 2016 ya nuna cewa a 1998 kashi 31 cikin ɗari na malaman kindagatin ne suke ganin ya kamata yaro ya iya karatu a ajinsu, a 2010 kuwa sun kai kashi 80. Lokacin zane da kiɗa da wasan da yaro ya zaɓa da kansa ya ragu.

Tun da gwamnati ta karɓe 'yan shekara biyar, sai coci ya sauko kan 'yan uku da huɗu, ɗakunan da ake karatun Lahadi suka zama azuzuwa a sauran ranakun mako. Malamar irin wannan aji tana ɗauke da gado uku da ba su cika jituwa ba: addu'a da ladabin Fliedner, gungumen katako da yashin Froebel, da kuma jerin abubuwan da ake so yaro ya iya, watau ya san baƙaƙe, ya ƙirga, ya riƙe fensir, ya rubuta sunansa, ya zauna wuri ɗaya. A nawa ganin na ukun ne ya fi ƙarfi, domin shi kaɗai iyaye suke iya aunawa, su ne kuma masu biyan kuɗi.

Tsohuwar jayayya tsakanin coci da hukuma ma ba ta mutu ba, juyawa kawai ta yi. A 2012 makarantar renon yara ta cocin Trinity Lutheran da ke garin Columbia, a jihar Missouri, ta nemi tallafin jiha domin a shimfiɗa robar tsofaffin tayoyi a filin wasanta maimakon tsakuwa, saboda yara suna jin rauni idan sun faɗi. Ta zo ta 5 cikin masu nema 44, aka ba 14, ita aka hana ta, domin tsarin mulkin jihar ya hana ba coci kuɗin gwamnati. A da Furushiya ta rufe lambun yara don tana ganin addininsa ya yi kaɗan, a nan kuwa yawan addinin ne ya hana filin wasa tallafi. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka, wadda a ranar 26 ga Yuni, 2017, ta ba cocin gaskiya da rinjayen alƙalai 7 a kan 2.