Boɗinga da Shagari: garuruwan da ke bakin hanyar Jega

Boɗinga da Shagari hedikwatocin ƙananan hukumomi ne guda biyu a Jihar Sakkwato, dukansu a kan babban titin da ya fito daga birnin Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega. Mafi yawan mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, masu noman gero da dawa da kiwon dabbobi. Fatake da ma'aikata kan ratsa su kullum ba tare da sun tsaya ba, alhali kuwa a wannan yanki aka taɓa ajiye ragamar Daular Usmaniyya.

Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Boɗinga. Ƙanensa Malam Abdullahi ya sauka kusa da shi, a garin Boɗinga. A Sifawa Shehu ya duƙufa ga karantarwa da wallafa, almajirai da jakadu na zuwa daga ko'ina. A nan ne kuma, a 1812, ya raba kula da daular gida biyu: yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Wannan rabo shi ne asalin tsayuwar Gwandu da Sakkwato a matsayin cibiyoyi biyu har zuwan Turawa a 1903. A shekarun ne Abdullahi ya kammala Tazyinul Waraƙat, a 1813. Shehu ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can a 1817, daga nan Abdullahi ya tare a Gwandu. Ganin girman abin da ya gudana a Sifawa, sunanta bai samu ambaton da ya cancanta ba idan aka kwatanta da Degel ko Gudu.

Gaba kaɗan a kan titin akwai Shagari, wadda Ahmadu Rufa'i ya kafa. Tattaɓa-kunnensa shi ne Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, ɗan Magajin Shagari Aliyu, wanda aka haifa a garin ranar 25 ga Fabrairun 1925. Ya yi elementare a Yabo, ya yi aikin malanta, ya zama Turakin Sakkwato a 1962, sannan ya shugabanci Najeriya daga 1979 har sojoji suka kifar da gwamnatinsa ranar 31 ga Disambar 1983. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disambar 2018, aka kawo shi mahaifarsa aka binne.

Bayan kabarin nasa, abin da aka fi sanin garin da shi shi ne madatsar ruwan Shagari, wadda manoman rani da masunta ke amfana da ita. Ruwan yankin yana da haɗarinsa: a watan Afrilun 2022 wani kwalekwale ya kife da mutanen ƙauyen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara da matasa da suka fita neman itacen girki.